Ɗan Gulmar Ƙafar Gaba

KAKA: Wane ne?

HEPHZIBAH: Kaka, ni ce. Kin ci abinci?

KAKA: Ji wata tambaya! Tun kafin a haifi uwarki nake ci da hannuna, yau ne zan manta hanyar bakina? Daga Sabon Tasha kika ƙona kati don ki ji ko tuwo ya shiga cikina? Wace ce ma a cikinku?

HEPHZIBAH: Hephzibah ce, Kaka. Zibah ɗinki.

KAKA: Na gane. Ke kaɗai ce ke faɗo wa mutum a kunne babu gaisuwa. Koma baya ki gaishe ni kamar 'yar da aka haifa a gida.

HEPHZIBAH: Yi haƙuri. Ina wuni, Kaka?

KAKA: Lafiya.

HEPHZIBAH: Ina gajiya?

KAKA: Babu gajiya.

HEPHZIBAH: Yaya gwiwa?

KAKA: Tana inda Allah ya ajiye ta.

HEPHZIBAH: Yaya ruwa?

KAKA: Ruwa ya yi gyara. Ɗazu ma ya ɗauke.

HEPHZIBAH: Citta fa, ta yi kyau bana?

KAKA: Ganye ya yi kyau. Abin da ke cikin ƙasa sai an tona.

HEPHZIBAH: Yaya matan Zumunta na coci? Yaya su Rachael da Emilia?

KAKA: 'Ya'yan Derrick? Suna nan suna cinye min gyaɗa. Ubansu ya kawo su hutu ya manta hanyar ɗaukarsu. Yaya uwarki Rosemary?

HEPHZIBAH: Lafiya lau, tana gaishe ki.

KAKA: Ina amsawa. Yaya masu gidan hayarku? Har yanzu kuna layi a bakin rijiya ɗaya?

HEPHZIBAH: Har yanzu. Kaka, akwai maganar da nake so in...

KAKA: Me? Muryarki ta nutse.

HEPHZIBAH: Na ce an ba ni aiki!

KAKA: An ba ki akuya? Wa ya ba ki? A ina za ki ɗaure ta a gidan haya?

HEPHZIBAH: Aiki, Kaka! Aikin nas! A ƙaramin asibitin wani ƙauye can bayan Fadan Kaje. Litinin zan fara.

KAKA: To. Mun gode wa Ubangiji. Karatun bai tafi a banza ba.

HEPHZIBAH: Shi ke nan abin da za ki ce?

KAKA: Guɗa kike so? Ina fama da tari.

HEPHZIBAH: Matsalar hanya ce. Mota ba ta shiga wurin sai ranar kasuwa. Kuma aikin ba na zama a ɗaki ba ne, bin ƙauyuka ne da akwatin allurar yara. Sun ce in ba ni da abin hawa in gaya musu kafin Juma'a, su ba wani.

KAKA: Uhm.

HEPHZIBAH: Shi ne na ce... mashin ɗin Baba Tsoho. Helo? Kaka? Kina ji na?

KAKA: Ina jin ki.

HEPHZIBAH: Na san tun da ya rasu kin kulle shi a ɗaki kin ce kada kowa ya taɓa. Na san Asabar ɗin nan za a yi addu'ar shekara a raba kayansa. Ankul Derrick ma ya riga ya gaya wa Mama wai mashin na maza ne, wai ya lalace, sayarwa za a yi. Amma ni na iya tuƙi, Kaka. Baba Tsoho da kansa ya koya min a filin makaranta.

KAKA: Ya koya miki shiga gonar masarar Fasto.

HEPHZIBAH: Haba, farkon koyo ne fa!

KAKA: An riga an taɓa mashin.

HEPHZIBAH: An taɓa? Wa ya taɓa?

KAKA: Shekaranjiya ya je Kafanchan.

HEPHZIBAH: Yesu! An sayar?

KAKA: Kada ki kira sunan Ubangiji a kan ƙarfe. Yi shiru ki ji.

HEPHZIBAH: Abeg, Kaka, katina ba yawa. Ki ce min eh ko a'a kawai.

KAKA: Ke kika kira ni. Zan yi magana ta hanyar da na ga dama. Kin tuna gilashin nan da ke goshin mashin, mai nuna lamba?

HEPHZIBAH: Mita. Wadda ta mutu.

KAKA: Ni ban shiga aji ba, amma lambobin nan na san fuskokinsu kamar na maƙwabta. Akwai wata mai kama da kujera a kife. In ta fito, ga ƙwai a gefenta...

HEPHZIBAH: Arba'in ke nan.

KAKA: Ko ma nawa ne, nan ce iyakata. Da na ga kujera ta tashi, mai ƙugiyar nan ya zauna a wurinta, sai in kama naman kakanki a ƙasan haƙarƙari in murɗa.

HEPHZIBAH: Kai, Kaka! Shi ya sa yake cewa gefensa na dama ya riga na hagu tsufa?

KAKA: Ya tsufa a raye dai. Tun ranar da 'ya'yansa suka haɗa suka sayo masa mashin ɗin nan, idona bai bar gilashin ba. Haɓata a kafaɗarsa, idona a lamba. Mu tafi sujada, lamba. Mu tafi kasuwa, lamba. Biki a Zonkwa, lamba. Da za ki tambaye ni me ke gefen hanya, ban sani ba. Sai wata safiya, daminar da ta zo kafin ciwonsa, muka hau, ya tayar, muka fita ƙofar gida. Ƙwai. Muka haye rafi. Ƙwai shi kaɗai, ba kujera, ba ƙugiya. Iska na kaɗa min kunne, gilashi na cewa a tsaye muke. Na ce, Alexander, abin nan ya mutu. Ya ce, ai kuwa, Milka, ya mutu. Na ce a kai wa Lawal bakanike. Kakanki ya ce kayan gyaransa sai daga Legas. Duk ranar da na tambaya, kayan ba su iso ba.

HEPHZIBAH: Na tuna. To amma Kaka, mashin ɗin yanzu yana...

KAKA: Da na rasa abin kallo sai na ɗaga kai. Zibah, kin san dutsen Kagoro ba ya taɓa ƙasa da safe?

HEPHZIBAH: Kamar yaya?

KAKA: Farin gajimare ne ke sauka ya rufe gindinsa. Sai ki ga kansa kawai yana yawo a sama, kamar ƙwarya da aka manta a kan ruwa. Tun ina amarya nake wuce dutsen nan da kaya a kai, ban taɓa sanin haka yake yi ba. Gonakin citta kuma, in iska ta bi ta kansu, sai su juya bayan ganye gaba ɗaya, kamar mata sun juya zane a wurin shanya. Balbelu a bayan shanu. Layin dogo a kwance cikin ciyawa yana barci. Wani gida a bakin hanya da aka shuka fure ja a tsohuwar tukunya. Wa ke da lokacin shuka fure? Amma kullum sai na neme shi da ido.

HEPHZIBAH: Ba ki taɓa gaya mana wannan ba.

KAKA: Magana ce ta faɗa wa yara? Kakanki ya ce, Milka, duba, ƙwai. Ba mu motsa ba fa. A tsakar gida muke zaune, duniya ce ke zuwa gaishe mu. Ga Madakiya ta iso, ki amsa mata. Na ce tsufa ya fara taɓa maka kai.

HEPHZIBAH: Kin amsa?

KAKA: Garin mutane ya gaishe ki ki yi shiru? Na amsa. A hankali, yadda ba zai ji ba. Ya ji.

HEPHZIBAH: Wayyo, Baba Tsoho.

KAKA: Wata Lahadi bayan sujada ya ƙi juyawa gida. Ya kai ni Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Duk tsawon aurenmu ban taɓa zuwa ba, don ban ga abin da zan ɗauko a can in kawo gida ba. Muka tsaya. Ƙara ta cika ko'ina har ba ka jin tunaninka. Ruwan in ya faɗo sai ya sake tashi kamar hayaƙi, rana ta shiga cikinsa ta yi launi-launi. Kakanki yana magana, bakinsa na motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Har yau ban san me ya ce ba. Feshin ya jiƙa min zanen Zumunta sharkaf, na yi masa faɗa har gida.

HEPHZIBAH: Kaka... helo? Layin ya...

KAKA: Ina nan. Tun da ya tafi, a kan mashin ɗin yake zuwa min.

HEPHZIBAH: A mafarki?

KAKA: A'a, a kasuwa. A mafarki mana! Ba ya magana. Bayansa kawai nake gani, da hular nan tasa mai kunnuwa. Ƙwai yana haske a gilashi, hanya tana zamewa a ƙarƙashinmu kamar ana jan tabarma. Babu ƙarar inji ko kaɗan. Wani lokaci mu wuce gidan ubana, wanda ya rushe tun kafin a haife ki, sai in ga uwata tana shanya acca a kan falalen dutse, ba ta tsufa ba, ta fi ni yarinta. In ce ya tsaya, sai ya nuna min gilashi da yatsa. A tsaye muke. Shi ya sa na kulle ɗakin. Ba don ƙarfe ba.

HEPHZIBAH: Ban sani ba, Kaka. Da na sani da ban tambaya ba. Bari kawai in gaya musu su ba wani aikin.

KAKA: Rufe min baki. Wa ya ce na gama? Ranar Lahadi uwarki ta kira ta gaya min zancen aikinki.

HEPHZIBAH: Mama ta gaya miki? Ashe kin sani! To akuyar fa?

KAKA: Layi ne ba kyau.

HEPHZIBAH: Kaka!

KAKA: Na aika aka kira min Lawal. Kin san shi, bakaniken nan, ɗan marigayi Malam Ubaidullahi mai gyaran keke. Uban ya gyara keken kakanki, ɗan ya gaji mashin. Ya zo da batir da fetur a kwalba, ya durƙusa ya yi min gaisuwar rashi kamar jiya aka yi. Ya share ƙura, ya hura tayoyi, ya yi ta bugawa. Mashin ya yi tari irin nawa, sannan ya tashi. Ya ce zai tafi da shi shago. Na ce ba kai kaɗai ba. Na ɗaure ɗankwali na hau.

HEPHZIBAH: Da gwiwar nan?

KAKA: Gwiwa ce ke tuƙi? Bayan Lawal ba irin na kakanki ba ne, ya cika faɗi, yana warin baƙin mai. Amma ƙwai na nan. Na kalli dutse har muka shiga Kafanchan. Shagonsa yana gindin mangwaron nan kusa da layin dogo. Matarsa A'i ta aiko min da kunu. Na ce masa, Lawal, gilashin nan nake so ya koma faɗin gaskiya, ko daga Legas ne a nemo. Ya ce, Mama, wane Legas? Ya ce gilashi ba shi da laifi, abin da aka gaya masa yake faɗa. Akwai wani ɗan abu a ƙafar gaba, shi ke leƙen yadda taya ke juyawa ya kai labari sama.

HEPHZIBAH: Sensa.

KAKA: Haka ya ce. Ni ɗan gulma na sa masa. Baƙi ne, bai fi babban yatsana ba, da doguwar wutsiya ta waya. Yana maƙale kusa da wani zoben ƙarfe mai haƙora. Kowane haƙori ya wuce sai ya ce na gan ka. Aikinsa ke nan tun safe har dare, kamar wasu a Zumunta.

HEPHZIBAH: Kada ki kira suna, Kaka.

KAKA: Sun san kansu. Lawal ya ɗaga mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa kututture a ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Ya bi wayar da yatsa, tun daga ƙasa, ta jikin shoka, ƙarfen nan mai shanye girgizar hanya, har cikin fitila. Ya kwance fitilar. Sai ya leƙa ciki.

HEPHZIBAH: Me ya gani?

KAKA: Ya ce, Mama, zo ki gani da idonki. Na tashi na leƙa. Bakin wayar ba ya cikin mazauninsa. An zare shi. An naɗe shi da ledar burodi, an ɗaure da baƙin zare.

HEPHZIBAH: Ɓera ne?

KAKA: Ɓeran Sabon Tasha ne ke ƙulla zare? Ƙulli biyu, jela ta kwanta hagu. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke ɗaure bakin buhun citta haka, don bahago ne.

HEPHZIBAH: Baba Tsoho! Shi ya cire da kansa?

KAKA: Lawal ya dafe kai. Ya ce yanzu ya tuna, wata rana Baba ya zo ba gyaran komai, ya zauna ya sha shayi, ya ce, Lawal, a duk wayoyin nan wacce ce ke sa lamba magana? Ya nuna masa. Ya yi godiya ya tafi.

HEPHZIBAH: Hahaha! Wayyo cikina! Don ki daina murɗarsa!

KAKA: Dariya kike yi? Dattijon coci! Mai raba jibin Ubangiji! Ya dubi idona ya ce Legas!

HEPHZIBAH: Yi haƙuri, Kaka. Hahaha. Yi haƙuri.

KAKA: Da yana kusa da ya ji murɗar da bai taɓa ji ba. Na tsaya a wurin ina kallon ƙullin nan. Bai yi shi da gaggawa ba, Zibah. Ya naɗe ledar sosai don kada ruwa ya shiga. Ya zauna ya yi tunani. Wataƙila ina kicin a lokacin ina soya masa gyaɗa, shi yana bayan ɗaki yana shirya min ƙarya. Sai na tuna safiyar farko, da na ce abin ya mutu, kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka ramukan hanya ne.

HEPHZIBAH: Yana so ki ga dutsen ne.

KAKA: Ban tambaye ki fassara ba.

HEPHZIBAH: To sai Lawal ya mayar da wayar kawai?

KAKA: Ya mayar, ya murɗa makulli, ya juya taya da hannu. Ƙwai. Ledar burodi ba ta hana damina biyu ba. Cikin ya yi kore da tsatsa, wayar kuma ta tsage can ƙasa inda take goga da shoka. Ƙaryar kakanki ta zama gaskiya a bayansa. Lawal ya ce sai sabo. Ya shiga kasuwa, kafin kununa ya huce ya dawo da shi a ɗan kwali. Legas ɗin ke nan, bayan masu sayar da doya.

HEPHZIBAH: Sai ya sa?

KAKA: Bai sa ba. Yaron nan yana da hankali. Ya riƙe sabon a hannu ɗaya, ledar a ɗaya hannun. Ya ce, Mama, in sa, ko in mayar da ɗaurin Baba yadda ya bari?

HEPHZIBAH: Me kika ce?

KAKA: Na koma benci na zauna. Ganyen mangwaro na ɗiga. Wani yaro ya wuce da rake. Na ji kamar in na rufe ido zan ga hular nan.

HEPHZIBAH: Kaka, me kika ce masa? Matar nan ta waya ta fara min maganar ƙarewar kati fa.

KAKA: Ta jira. Kakanki a kunnensa yake jin gudu, ya tsufa a kan hanya. Ke fa? Ga akwatin allura a bayanki, hankalinki yana wurin 'ya'yan mutane, ga gangaren bayan Fadan Kaje, jar laka mai santsi kamar sabulu. Kuma ba ki da mai murɗa miki nama. Mashin da ke cewa kina tsaye alhali kina gudu, na tsofaffi ne da suka gama aikinsu. Ba na yarinya ba ne. Na ce, Lawal, sa sabo.

HEPHZIBAH: Kaka...

KAKA: Saurara, don in ya sake lalacewa a daji kada wani ya ce miki Legas. Noti ɗaya ne ƙarami ke riƙe da shi. Ya kwance. Tsohon ya ƙi fita, ya kama da tsatsa. Bai buga da guduma ba, ya ɗiga mai, ya riƙa juya shi a hankali kamar ana cire haƙori. Da ya fito, bakinsa duk garin ƙarfe ya manne, ya yi gemu, don akwai mayen ƙarfe a cikinsa. Ya goge ramin da tsumma. Ya wanke zoben nan mai haƙora da tsohon buroshin goge baki, haƙori bayan haƙori, laka tana fita ja. Na ce ya sake, akwai inda ya tsallake.

HEPHZIBAH: Kin koya wa bakanike aiki?

KAKA: Wanke-wanke ne, ni zai koya wa? Sannan ya zura sabon. Ya nuna min, tsakaninsa da haƙoran kamar kaurin farce, kada ya taɓa, kada kuma ya yi nisa ya kasa jin gulma. Ya ɗaure notin, bai matse da ƙarfi ba, ya ce jikinsa roba ne, fashewa zai yi. Ya bi da wayar ta tsohuwar hanyarta, ya ɗaɗɗaure, amma ya bar mata ɗan sako-sako a wuya. Ya juya kan mashin dama, ya juya hagu, ya danna gaba ƙasa, don ya ga ba ta ja ba, ba ta goga ba. Ya tura bakinta a mazauni har ta ce ƙas. Kin riƙe?

HEPHZIBAH: Na riƙe.

KAKA: Sai ya ce, Mama, ke za ki juya. Na sa hannu na juya tayar. Gilashi ya yi ɗan jim, kamar mai tashi daga barci. Sai ƙwai ya tafi. Sanda ta fito, sannan mai wuyan agwagwa, sannan taya ta gaji, ƙwai ya dawo. Amma ba irin wancan ba. Wannan na gaskiya ne, don a tsaye muke.

HEPHZIBAH: Da kuka dawo gida fa?

KAKA: Lawal ya sha murɗa.

HEPHZIBAH: Kaka! Mijin mutane!

KAKA: Ya wuce kujera a gangaren Madakiya. Hannuna ne ya tafi da kansa. Ya ce, Mama, yanzu na fahimci Baba.

HEPHZIBAH: To amma Ankul Derrick? In sun zauna ranar Asabar, ni ba ni da baki a wurin. Ke ma maza ne za su...

KAKA: Derrick ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. A gidan nan, kafin maza su fara rabo, matar mamaci ce ke fara ɗora hannu a kan abu ɗaya, ba mai tambayarta dalili. Uwar kakanki bargo ta ɗauka. Matar wansa ta ɗauki kujera. Derrick ya riga ya goge min Littafi Mai Tsarki na ubansa ya ajiye a sama, wai shi zan ɗauka. In yi me da shi? In karanta da hanci? Abin da ke ciki yana kaina. Babu wanda ya ce dole sai abin da ke shiga akwati. Zan tashi a gaban Fasto da kowa, in ɗora hannu a kan tankin mai. Abin da na yi da kayana bayan nan, ruwana ne.

HEPHZIBAH: Wayyo Allah. Kaka, na gode. Na gode. Ban san me zan...

KAKA: Kada ki yi min kuka a kan kati. Gobe da sassafe ki kira mutanen nan ki ce kina da abin hawa. Juma'a ki shigo mota ki zo, akwai dakan acca na baƙi. Ki sayo hular kwano, ta kakanki ta yi miki girma. Kuma wando za ki sa, ban damu da abin da Zumunta za su ce ba.

HEPHZIBAH: To, Kaka. Kaka?

KAKA: Me kuma?

HEPHZIBAH: Tun da aka gyara... ya zo?

KAKA: Wa?

HEPHZIBAH: Kin san wa.

KAKA: Bai zo ba. Jiya ma bai zo ba. Na kwanta, na tashi, ba komai a tsakani.

HEPHZIBAH: Saboda ni ne.

KAKA: Saboda kunya ce. An kama shi. Ya san abin da ke jiransa.

HEPHZIBAH: Ledar fa, da tsohon sensan? Lawal ya zubar?

KAKA: Suna bakin zanena.

HEPHZIBAH: Kin ajiye?

KAKA: Akwai ramin ɓera a ɗakin gyaɗa, daidai girmansa ne. Ban samu lokaci ba ne kawai. Ji nan. Ranar Lahadi bayan sujada, kafin ki wuce wurin aikinki, za ki kai ni Matsirga. Akwai maganar da aka yi min a can ban ji ba.

HEPHZIBAH: Zan kai ki. Amma za ki murɗe ni?

KAKA: Ke za ki kalli lamba. Aikinki ne yanzu. Ni dutse zan kalla.

HEPHZIBAH: Kaka, katin ya kusa...

KAKA: Kai! Wa ke danna min hon? Rachael! Sauka daga kan mashin ɗin nan, ba naki ba ne! Emilia, cire yatsanki daga gilashin! Kaji sun shiga tun ɗazu ku kuna nan. Ku wanke ƙafa, ku yi addu'a, kowacce ta hau tabarmarta. In na ƙirga...